Burtalin Horo Birni

"Ba zan faɗa mishi haka ba, Lirwanu!"

Safinatu ta ajiye takardar a kan tabarma.

Lirwanu, malamin hakimi, wanda aka sa ranar aurensa da ita bayan girbi, ya waiga ƙofar zaure ya rage murya.

"Sahibata, kalma biyu ce. Baba ba ya dangwala yatsa sai kin karanta mishi. Ki ce babu komi. Umurnin Di'o ne, Baturen mulki!"

Wani kamfanin Turawa ne ke son kafa majema tsakanin Bodinga da Shagari, saboda fatar jar akuya. Sun yi alkawarin hanyar mota, da kanti, da aiki ga samari. Shekara biyu hakimi na lallashinsu kada su tafi Gusau. Masu awonsu suka zo Horo Birni, suka ga doguwar ƙasa ba gida ba kara, suka rubuta cewa ba mai ita. Saura yatsan maigari Attahiru, mahaifinta, a kan takardar.

"Burtali ne!" in ji ta. "Da rani sunka zo. Su dawo da damina, in gero ya rufe ko'ina, su nuna min inda shanu za su bi zuwa tafki. In an ja waya an shinge shi, gonakin mutane za su faɗa. Ka manta shekarar da shanu sunka yi ɓarna, anka sari Ladan?"

"Ban manta ba... Amma aikin akawu kamfanin za su ba ni, Malamata. Ɗaki mai kwano zan yi miki."

"In kwanta ƙarƙashin kwano, ana jana'iza ƙofar gidanmu?"

Ya tura mata takardar.

"Za su tuɓe wa Baba rawani, Safina."

Shekara huɗu ta yi a makarantar 'yan mata ta Sakkwato, ta sha gori, ta sha bulala, ba ta taɓa sunkuyar wa Baturiya da kai ba. Yau ga takarda guda na neman sunkuyar da ita.

Bayan la'asar maigari ya shigo yana dogara sanda. Lirwanu ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe."

"Ɗiyata, mi takarda ta ce?"

Ta dubi Lirwanu. Idonsa ya cika taf, leɓensa na motsi: don Allah. Ta tuna kilishin da yakan aiko mata makaranta, naɗe cikin wasiƙa, har maiƙo ya ɓata rabin kalmomin.

Ta buɗe takardar. Ta karanta duka, har wurin da aka ce za a ja waya.

Tsohon ya janye hannunsa cikin riga.

"Mayar musu, ɗana. Ka ce su matsa gabas, in ba su faƙo iya son ransu."

Ba su matsa ba. Suka kwashe sandunan awo suka yi Gusau. Kafin wata ya mutu an karɓi rawanin maigari, aka kuma sallame ta daga ajin da take koyarwa a Bodinga. A bakin rijiya mata suka sa mata suna: mai bokon da ta kori mota.

Lirwanu ya zo sallama, don kamfanin ya ɗauke shi aiki a Gusau.

"Ki zo mu tahi, farin cikina. Ban riƙe ki ba, wallahi."

"In bar Baba ba rawani, ba ɗiya?"

"To in jira ki?"

"Kada ka jira..."

Sai da ƙarar kekensa ta ɓace ta yarda ta yi kuka.

Da damina shanu suka bi burtali zuwa tafki, ba wanda aka sara, ba kuma wanda ya zo ya gode. Ta tsaya jikin danga tana kallonsu, kanta a ɗage. Aikinta ya tafi, rawanin ubanta ya tafi, Lirwanu ya tafi, kuma shi kaɗai ta taɓa so.