Takardar Da Ta Kwana A Durowa

A bakin ɗakin ajiyar fayil ya fara ganinta, rungume da littafi, tana bin lambobin kwalaye da ido kamar mai neman gidan dangi. Ɗalibar digiri na biyu ce, jami'a ta turo ta kamfaninsu na inshora ta yi wata huɗu tana binciken dalilin da ya sa ake hana masu ƙananan shaguna diyya bayan gobara. Shi kuwa jami'i ne a sashen diyya, shi aka ɗora wa kula da ita.

Kafin azahar ta yi masa tambaya ta fi ashirin, ya raɗa mata suna 'Yar Tambaya. Ita ma ba kanwar lasa ba ce, ta mayar masa da Mai Hatimi.

Tebur ɗaya suke zama, kusa da tagar da ba ta rufuwa sosai. Shi yana shafe sunayen mutane da baƙin alƙalami, ita tana kwashe sauran bayanan a kwamfuta. Ƙa'idar kamfani ita ce, ko layi ɗaya ba zai shiga kundin bincikenta ba sai da takardar izini mai sa hannunsa da hatimi.

So ba ya sallama. Wata biyu bai cika ba ya tura mata saƙo:

"'Yar Tambaya, yau ni ke da tambaya. In na zo gaida Baba, za a ba ni wurin zama?"

"Kujera akwai, Mai Hatimi. Amsa kuma sai na kare kundina."

Ya karanta ya fi sau goma. Sai dai akwai wani ɗan ajinsu mai farar mota da kan zo ɗaukarta wasu ranakun, kuma duk ranar da ya zo, abinci ba ya yi wa Mai Hatimi daɗi. Ya lissafa: da ya buga hatimin nan aikinta ya ƙare, ta koma makaranta, ta koma kusa da mai mota.

Ranar da ta miƙa masa takardar, ya duba bai ga aibu ko ɗaya ba. Ya jefa ta a durowa.

Makon farko ya ce akwai sunan wani titi da zai iya tona mai shago. Ta gyara. Na biyu ya ce manaja ya yi tafiya. Na uku ya ce ana sake dubawa. Abin da ya fi cin ransa shi ne ba ta taɓa zarginsa ba. Har shayi take haɗo masa, tana ba shi haƙuri wai ta cika shi da aiki. Yakan karɓa, ya ce wa kansa gobe zai sa hannu, ai da sauran lokaci.

Ashe babu. Sashensu na jami'a ya matso da ranar rufe karɓar kundi da kwana goma. Wata Laraba sunayen masu kare kundi suka fito, babu nata. Sai zango mai zuwa, wata bakwai.

Ta kifa kai a teburin tana kuka, tana cewa laifinta ne, da ta kula da sunan titin nan tun farko.

Nan ya kasa jurewa. Ya jawo durowa ya ajiye takardar a gabanta.

"Ba laifinki ba ne. Manaja bai je ko'ina ba. Ni na riƙe ta, don kada ki tafi."

Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi masa tambaya ko ɗaya ba, ta tattara littattafanta ta fita.

Da labari ya kai gidansu, mahaifinta ya ce kada Mai Hatimi ya sake ya tako masa ƙofa. Wanda ya tare mata hanya tun yana nema, in ya samu me zai yi? Yayarta ta yi ta lallashi, tsohon ya ce ba ya magana biyu.

Mai Hatimi ya sami manaja ya faɗa masa komai, sannan ya rubuta wa shugaban sashensu na jami'a wasiƙa cewa jinkirin daga gare shi ne. Kamfani ya cire shi daga kula da ɗalibai, ƙarin girman da yake jira ya bi ruwa. Jami'a ta yi godiya, ta ce doka doka ce. Wata bakwan nan bai ragu da kwana ɗaya ba.

Saƙo ɗaya ya tura mata:

"Ban nemi ki yafe don na rubuta wasiƙa ba. Na cuce ki, na sani. Allah Ya ba ki sa'a."

Shiru har wata uku. Ya rame, abokan aiki suna tsokanarsa wai ko shi ma gobarar ce ta taɓa shi. Sannan wata safiya wayarsa ta yi ƙara:

"Shugaban sashe ya nuna min wasiƙarka. Mai motar da ya hana ka barci mijin ƙawata ne, da ka tambaya da ka ji. Har yanzu ina jin haushinka. Amma na yi kewarka, Mai Hatimi."

Ranar da ta kare kundin, yana can kujerar ƙarshe a zauren. Mahaifinta ya gan shi, ya ɗauke kai. Sai da aka watse tsohon ya sauko, ya aika yayarta ta ce wa Mai Hatimi ya turo manyansa.

Bayan an ɗaura aure, tsohon ya kira shi ɗaki, amarya na zaune gefe da mayafi.

"Na ba ka ita. Amma ka sani, ta samu gurbin digiri na uku a wani gari mai nisa. Shekara uku ne, kuma wata mai zuwa za ta fara."

Ango ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya dubi matarsa, ita ma shi take kallo, tana jira.

"Baba, ni zan kai ta tasha da kaina."

Tsohon ya dafa kan angon.

"To, Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Amarya ta ce amin, a hankali, tana share ido da gefen mayafi.