Ginshiƙi na Saba'in

Gab da magariba Lulwa ta sa mahaifinta, tsoho Ganim, a mota, wai sai ya ga doguwar gadar nan da ta ratsa teku. Da shi aka gina ta, amma shekara arba'in bai yarda ya hau ba. Ranar dai ta matsa, har ya amince.

Tana tuƙi tana tsokanarsa, wai kowa na taƙama da gadar sai shi da ya sha nutso a kanta. Bai kula ta ba. Ginshiƙai yake ƙirgawa.

Akwai abin da bai taɓa gaya mata ba. A gindin na saba'in, can ƙarƙashin teku, da akwai idon ruwan daɗi. Masu nutson lu'ulu'u kan cika salka a nan, su bar wa mutanen ɓoye dabino bakwai. Ko dutse za a ɗaga, sai an yi musu sallama kwana uku. Ganim ya san haka sarai. Don kawai kada injiniyoyi su yi masa dariya ya toshe idon da siminti, ko sallama bai yi musu ba.

Daidai na saba'in motar ta mutu.

Iska ta tsaya cak. Warin laka ya cika motar. Daga ƙasa ana ƙwanƙwasa ƙarfe, a hankali, ba gaggawa.

Sai ga wata mata jikin tagarsa, abayarta na ɗigar ruwa, busasshiyar salka a hannunta. Leɓɓanta duk sun tsattsage.

"Ɗan Hissa," ta kira shi da sunan mahaifiyarsa, ta ce ƙasa-ƙasa, "'ya'yana uku ƙishirwa ta kashe. Ko sallama babu?"

Ta juya ta zuba wa Lulwa ido.

"Ni na toshe," in ji Ganim. "Ita ko haihuwarta ba a yi ba."

Hannun matar ya ratso rufaffen gilashi. Yatsa mai sanyi ya taɓa harshensa.

Motar ta tashi da kanta. Lulwa ta taka ta, ba ta waiwaya ba.

A gida ya nemi ruwa. Kurɓa ɗaya ya tofar, gishiri zalla. Lulwa ta sha a kofin, garɗi lafiya lau. Shayi, madara, kankana, duk haka suke a bakinsa har yau, kullum yana ramewa.

Duk Alhamis Lulwa kan je ta jefa dabino bakwai daga kan gadar. Da safe sai ta tarar da su a bakin ƙofa, a jiƙe, ko ɗaya ba a taɓa ba.