Ƙwai Mai Ɗumi a Bayan A-kori-kura

Ƙarfe tara na safiyar Litinin wani dattijo ya shigo ofishin 'yan sanda, warin gidan kaji na biye da shi. A bayansa akwai wata budurwa sanye da takalmin roba. Idanunta sun yi jajur, amma ba ta kuka.

"Ƙarar sata na kawo," in ji dattijon. "Man motata ake sacewa. Ga mai tuƙa ta nan. 'Yata ce, autata."

Saje, wanda ke zaune a kantar ofishin, ya ɗago kai daga wayarsa ya ƙare wa yarinyar kallo.

"Mace ke tuƙa a-kori-kura? To ai Baba ka gama mana aiki. Ko dai ba ta iya sa giya ba, ko kuma akwai wani mai babur da ake ƙosarwa."

Sufeto ya ji maganar daga ofishinsa, ya fito rai a ɓace. Watansa bakwai a wurin, kuma babu abin da ke ƙona masa rai irin wannan lalaci: a dubi fuskar mutum, a yanke masa hukunci, a rubuta layi uku a koma kan benci, wai an yi bincike. Shi a garejin mahaifinsa ya tashi. Ya san ba a kama ɓarawon mai sai an fara tambayar motar.

"Baba, shigo ka zauna. Me kake yi da motar?"

"Ƙwai take rabawa. Mai Kaji ake ce min, kowa ya san ni. Da, in an cika tanki sai ya yi kwana huɗu. Mako uku ke nan kwana biyu yake yi."

"Wa ya ce maka sata ce?"

"Yayanta. Shi ya tuƙa motar shekara tara. Ya kai ta wajen bakanike, an ce lafiyarta ƙalau."

"Me ya raba shi da makullin?"

"Fasa min ƙwai yake yi. Gudu kamar ana korarsa. Auta kuwa wata biyar ko kiret ɗaya ba ta fasa ba." Dattijon ya dubi 'yarsa. "Amma in ta tabbata ita ce, ta ajiye makulli, ta kuma bar min gida. Ba na zama da ɓarawo."

Sufeto ya juya wajen Auta.

"Bayan rabon ƙwai, kina biyawa wani wuri?"

"Ba na biyawa ko'ina, yallaɓai."

Ta faɗa da sauri, saurin da bai yi wa Sufeto daɗi ba.

Washegari da safe ya sa ta tsaya a gidan mai. A gabansa aka cika tanki. Ya naɗe murfin da salatif, ya sa hannu a kai da jan biro, sannan ya tura Saje tsakiyar kujera, shi ya zauna a bakin ƙofa.

"Yallaɓai, yanzu har mun koma 'yan rabon ƙwai?" in ji Saje.

"Yau dai za ka yi wa jama'a amfani. Mu je, Auta."

Tuƙinta ba abin kushewa. Tana sa giya a kan lokaci, tana lallaɓa rami kamar mai ɗauke da jinjiri. Amma motar nishi take yi in za ta tashi, kuma da zarar Auta ta ɗage ƙafa daga totur sai gudun ya mutu nan take, kamar wani ya riƙo ta ta baya.

Sun sauke ƙwai a shaguna shida. A wata mararraba hannun Auta ya kai kan sigina ta hagu, sai ta janye shi ta miƙe.

"Hannunki ya saba da kwanar nan," in ji Sufeto. "Me ke can?"

Ta amsa, idonta a kan titi.

"Makarantar tuƙi. Ina neman lasisin babbar mota. In Baba ya ji zai ce na zaƙe."

"Ka ji ko!" Saje ya buga cinya. "Ni dai na faɗa tun jiya."

"Kilomita nawa ne, zuwa da dawowa?"

"Huɗu."

"Saje, kilomita huɗu ba ya shanye rabin tanki. Kuma yau ba mu shiga ba. Dubi allura."

Allurar mai ta riga ta sauka ƙasa da inda ya kamata. Sufeto ya sa aka tsaya, ya zagaya ya duba murfin. Salatif na nan, sa hannunsa na nan. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, babu ɗigo ko ɗaya. Ya zira yatsa a bakin salansa, ya fito da shi baƙi ƙirin.

"Ba wanda ke satar man nan," ya ce. "Motar ce ke shanye abinta. Saura mu ji wa ya koya mata."

Zangon ƙarshe gidan burodi ne. Matar da ke da wurin ta fito tana goge fulawa a zaninta.

"Auta 'yar albarka! Yau har da rakiyar hukuma? Yallaɓai, yarinyar nan ta iya ciniki. Kwanan nan ƙwai take kawo min da ɗuminsa, kamar yanzu kaza ta tashi a kai."

"Inna, ai na jiya ne," in ji Auta. "A sito suka kwana."

"Ke dai! Ni da nake fasawa? Na ƙasan nan, na gefen hagu, kullum da ɗumi."

Sufeto ya haye bayan motar. Ya taɓa kiret na sama, sanyi. Ya taɓa na dama, sanyi. Ya kai hannu kan na ƙasa, wanda ke jingine da tudun tayar hagu, sai ya ji ɗumi kamar goshin mai zazzaɓi.

"Inna, a taimaka min da ruwa a kofi."

Ya watsa ruwan a ƙarfen tayar. Ruwan ya yi cuuu, tururi ya tashi. Saje ya ja da baya.

Suka ɗaga motar da jak. Sufeto ya saki birkin hannu gaba ɗaya, ya ce wa Saje ya juya tayar. Saje ya sa hannu biyu, ya yi nishi, tayar ta motsa da ƙyar ta tsaya.

Sufeto ya kwanta a ƙasa da kakinsa ya shige ƙarƙashi. Komai a wurin ya sha laka da tsatsa, ban da noti ɗaya, na wayar birkin wannan ɓangare. An ɗaure shi tamau, bakin sifana ya bar masa sabon tabo. A jikin ƙarfen da ke kusa akwai shatin yatsa, shuɗi mai duhu.

Ya ɗauki hoto, ya fito ya buɗe gaban motar. Da ya cire murfin filtar iska sai ga tsumma an cusa a maƙogwaron bututun, an bar 'yar kafa kaɗan. Tsumman duk ɗigon shuɗi ne.

"An toshe mata hanci, an ɗaure mata ƙafa, sannan ana mamakin tana shan mai," in ji shi. "Mako uku! Gida guda ba wanda ya buɗe bonet. Kowa ya ga mace a sitiyari, shi ke nan an sami amsa."

Ya miƙa wa Auta tsumman.

"Kin san wannan launi?"

Ta dube shi, ta kau da kai.

"Ban sani ba."

Wannan karon a hankali ta faɗa, kuma Sufeto bai matsa mata ba. Ya sassauta notin da kansa. A hanyar komawa motar ta riƙa tafiya sakayau.

Da la'asar suka isa gonar. Sufeto ya karɓi makulli ya damƙa wa Mai Kaji, ya ce a kai shi wajen babban ɗan.

Suka same shi a ɗakin 'yan tsaki, zaune a kan bokiti. Ƙato ne, mai faɗin kafaɗa, ɗakin ya yi masa kaɗan. Yana riƙe da ɗan tsako da 'yan'uwansa suka tsattsage wa baya, yana shafa masa magani da auduga. Yatsunsa goma shuɗi ne har ƙarƙashin farce.

"Sannu da aiki. Kai ne Yaya?"

"Ni ne. An kama ta?"

"Wa ke sa wa kaji wannan magani?"

"Ni. Ai aikin da aka ga ya dace da ni ke nan."

"Ba mai taya ka?"

"Ba mai shigowa nan sai ni. Dokar Baba ce, saboda cuta."

"Yaushe rabonka da motar?"

"Tun ranar da aka karɓe makulli. Wata biyar. Ko jingina da ita ba na yi."

Mai Kaji, wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ya ɗago kai.

"Ba kai ka kai ta wajen bakanike ba?"

Yaya ya yi tari. "Wato... ban da wannan ranar."

"Wane bakanike?" in ji Sufeto. "Mu je ya maimaita min cewa lafiyarta ƙalau."

"Ya yi tafiya."

"Sunan garejin?"

Yaya ya koma shafa wa ɗan tsakon magani.

Sufeto ya shimfiɗa tsumman a kan buhun abincin kaji, ya ajiye wayarsa kusa da shi, hoton shatin yatsa a buɗe.

"Ɗora hannunka nan mu gani."

Yaya bai ɗora ba. Ya saki ɗan tsakon a hankali, ya dubi mahaifinsa, ba Sufeto ba.

"Shekara tara, Baba. Shekara tara ina tashi da motar nan, rana da ruwa. Sau ɗaya ba ka taɓa ce min sannu ba, sai dai ka ƙirga abin da ya fashe. Ita kuwa wata ɗaya da fara tuƙi ka tsaya a gaban masu saye ka ce hannunta ya fi na maza goma. Ina tsaye! Da bokitin kashin kaji a hannuna! Abokaina yanzu Uwar Tsaki suke kirana. Kullum da safe ina jin ta tayar da motar, tana yi wa mutane hon, suna ɗaga mata hannu. Motata ce. Ni na san kukanta."

"Shi ya sa ka ce ƙanwarka ɓarauniya ce?" in ji dattijon.

"Makullina kawai nake so. Na ɗauka za ka karɓe ka ba ni. Ban san za ka kai ta ofis ba."

"Amma da ya kai ni, Yaya, ba ka ce komai ba," in ji Auta daga waje. "Har ka buɗe mana ƙofar gona."

Mai Kaji ya share fuska da hularsa, ya matso kusa da Sufeto, ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, maganar gida ce. A bar ta a nan. Na janye ƙara."

"Ƙarar mai ka janye, Baba, kuma dama ba a saci mai ba. Birki fa? Ka ga yadda ƙarfen nan ke tafasa ruwa? Birkin da ya yi wannan zafi ranar da ya ga dama yake ƙin kamawa. Akwai gangare a hanyarta, kasuwa na ƙarƙashinsa. Da 'yarka da mutanen da ba su san kuna rigima ba, duk ya sa su a layi. Jiya da kake zargin mace ba ka ce maganar gida ba ce. Saje!"

Saje ya fito da ankwa. Yau bai yi dariya ba. Yaya ya miƙa shuɗayen hannayensa ba gardama.

A tsakar gona suka tsaya, don ba wata mota sai a-kori-kurar. Mai Kaji ya dubi makullin da ke tafinsa, ya miƙa wa Auta. 

Ta karɓa. Ta buɗe ƙofar gaba, ta riƙe masa.

"Shiga, Baba. Da ƙafarka ka raka ni jiya. Shi ma ɗanka ne, ka raka shi."

Dattijon ya shiga, Sufeto ya shiga kusa da shi. Saje ya hau baya da Yaya, suka zauna a kan kiret ɗin da babu komai a ciki. Auta ta saki birkin hannu, tun kafin ta taka totur motar ta fara gangarawa da kanta.