Abin da Ke Cikin Kwalin Ashana

"Dogo, ina kyamarata?"

Sai ya turo min wani ƙaton kwali a kan teburin shagonsa yana murmushi, irin murmushin wanda yake jira a tafa masa.

"Buɗe ki gani, sanyin idona."

Na buɗe. Wata jibgegiyar baƙar kyamara ce mai dogon gilashi a gaba, irin wadda yake ratayawa a wuya in zai je ɗaukar taro.

"Ta yi kyau," na ce. "Ina tawa?"

Wata biyu ke nan muna wannan gardamar. Ni nake ɗaukar hoton kayan da Yayata take ɗinkawa, mu sa a waya masu saye su gani. Shi kuwa hoto sana'arsa ce tun kafin in san shi, shi ya sa ya raina 'yar ƙaramar kyamarata har ya laƙaba mata kwalin ashana. Kullum wa'azinsa ɗaya: babba tana fito da zaren yadi ɗaya-ɗaya, tana gani ko ɗaki da duhu, ana canza mata gilashi. Ni kuma in ce tawa tana shiga jaka, ba ta karya min wuya, ba ta firgita mutane. Ban taɓa cewa na ƙi babbar ba. Cewa na yi ina tunani. Shekaranjiya na kawo masa ƙaramar saboda murfin batirinta ya karye, da roba nake ɗaure shi. Gyara kawai na ce ya yi min!

"Na ba da ita musaya a kantin kyamarori," ya ce, har da ɗaga kafaɗa. "Na ga kin kasa yanke shawara, na hutar da ke."

Sai da na dafa teburin.

"Ka... ba da ita?"

"Haba Auta, kwantar da hankalinki, ni ba sabon shiga ba ne." Ya zaro katin ajiya daga aljihun gaba, a naɗe cikin takarda. "Ga hotunanki nan, ko ɗaya bai ɓata ba."

"Na cikinta fa?"

"Wane ciki?"

"Tana da ma'ajiya a cikinta, Dogo! In kati ya cika can take zubawa!"

Murmushin ya ɓace. Ya dubi katin, ya dube ni.

"Manyan da nake riƙewa ba su da wannan... in ka cire kati shi ke nan..."

"Manya! Manya! Shekara goma kana taƙama da sana'a, kwalin ashana ya fi ƙarfin iliminka! Wa ya aike ka? Na ce ka zaɓa min? Bakina ciwo yake?"

"Me ke ciki, don Allah?"



"Ummata."

Umma ta rasu shekara biyu da suka wuce. Har ta koma ga Allah ba ta yarda a ɗauke ta hoto ba, da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta juya baya. Rana ɗaya tak na yi nasara. Tana tsintar kayan miya a kicin, na ɓoye 'yar kyamarar a tafin hannuna na ɗauki bidiyon da bai cika minti ɗaya ba. Ta gane ni, ta ce in goge, na ce mata na goge. Ƙarya nake. Ranar kati a cike yake, don haka bidiyon cikin kyamarar ya zauna. Igiyar kwafarta ta ɓace tuntuni, ni kuma kunyar ƙaryar ta hana ni kai wa kowa. Duk duniya babu inda muryar Umma ta saura sai nan.

Dogo ya ja ƙofar shagon ya kulle, muka nufi kantin yana gaba ina biye kamar zan tashi sama.

Mai kantin ba ya nan, 'yarsa muka tarar. Ita dai wannan yarinya kowa a layin ya san inda idonta yake. Ko batir Dogo ya je saye sai ta kawo masa kujera da ruwan sanyi. Ta tashi da fara'a, ni ko kallo ban ishe ta ba.

"Yallaɓai, amarya ta ji daɗin kyautar?"

"Ƙaramar da na kawo nake so a dawo min da ita. Yanzu."

Ta dube shi, ta dubi jajayen idanuna, sai na ga bakinta ya ɗan motsa.

"Ayya! An sayar tun jiya da yamma. Wani matafiyi ne, ko lambarsa ban karɓa ba." Ta juyo gare ni a karon farko. "Ni ce ma na ba shi shawarar. Na ce macen da za ta auri mai hoto kamarsa ai ba ta yawo da tarkace."

Wallahi ban san lokacin da na yi dariya ba, dariyar da ta fi kuka ciwo.

"Ashe ka yi shawara," na ce masa. "Ka dai zaɓi wadda za ka tambaya ne."

"Auta, tsaya ki ji..."

"Riƙe babbar kyamararka. Kada ka sake taka ƙofar gidanmu!"

Saura wata biyu bikinmu.

A gida na tarar da Yaya a bakin keken ɗinki, allura a baki. Dama can ba ta son maganarmu da Dogo. Tun ranar da ya zo gaisuwa ya gyara mata inda za ta sa fitilar shagonta ba tare da an tambaye shi ba, ta saka masa ido.

"Ai na faɗa miki!" ta ce tun ban gama ba. "Mutumin da ya fi kowa sani! Yau kyamara, gobe ki dawo daga unguwa ki tarar ya canza miki gado da labule, ya ce ya hutar da ke. Amma ke ma kin cika abin haushi, a kan wannan gwangwanin kike kuka haka?"

Sai na faɗa mata abin da ke ciki.

Keken ya tsaya. Ta cire allurar daga bakinta a hankali.

"Maimaita."

Na maimaita.

"Shekara biyu?" Ta miƙe tsaye, yadin ya zube ƙasa. "Shekara biyu muryar Umma tana cikin jakarki, kina shiga kina fita da ita? Ni da na yi jinyarta? Baba da har yau yake ajiye kofi biyu in zai sha shayi? Ke kaɗai ta haifa?"

"Yaya, cewa ta yi in goge... na ji kunya ne..."

"Kunya! Kin zauna ke kaɗai kin yanke mana hukunci, yanzu kina ihu wani ya yanke miki!"

Na buɗe baki zan rama, sai na hangi Baba tsaye a ƙofar falo, tabarau a hannu. Ban san tun yaushe yake nan ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Auta," ya ce, "tana magana a ciki?"

"Eh, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya koma ɗakinsa ya tura ƙofa.

Kwana huɗu ban ɗaga wayar Dogo ba. Ya kira har na daina dubawa. Yaya ba ta yi min magana sai ta aiki, miƙo almakashi, kawo zare. Ina jin haushinsa, ina jin haushin 'yar mai kanti, ina jin haushin kaina, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne duk da haka in waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Rana ta biyar da la'asar aka buga ƙofa. Yaya ce ta buɗe, daga falo nake jiyo ta.

"Me kuma aka zo canzawa yau? Ƙofar ce ba ta yi maka ba?"

"Yaya, ki yi haƙuri. Caja na zo nema."

Na fito ba takalmi. Ya rame, rigarsa duk ƙura, a hannunsa kuma ga kwalin ashanata, da robar da na ɗaure ta da ita.

Na fizge ta na rungume a ƙirji.

"Ba matafiyi ya saya ba?"

"Kwana uku ina bin masu sayen tsofaffin kaya, shago-shago," ya ce. "Yau da safe na tuna, cajarta tana wurinki. Irin batirin nan an daina kawo shi, wa zai sayi kyamarar da ba zai iya kunnawa ba? Na je na sami mai kantin da kansa. Ya buɗe kwandon da suke zuba waɗanda za a farke a cire kayan gyara, ga ta a ƙasa. Ya ce ba a taɓa sayar da ita ba. A gabana ya kira 'yarsa, ban tsaya jin ƙarshen faɗan ba."

"Munafuka!" in ji Yaya, ta manta ma fushi take da shi.

"Sun goge?" na tambaya.

"Batirin a mace yake tun ranar da kika kawo min. Ina ganin ba wanda ya iya kunna ta. Amma ban sani ba, Auta. Ba zan sake cewa na san abin da ban sani ba."

Na ɗauko cajar daga ƙasan akwatina, na sa batirin a ciki, na jona a bangon falo. Jar fitila ta kama. Baba ya fito ya zauna a kujerarsa, Dogo ya durƙusa ya gaishe shi, ya amsa a gajarce. Muka zauna mu huɗu muna kallon bango kamar marasa aikin yi.

Na kasa zaman, na fita baranda. Ya biyo ni ya tsaya nesa.

"In babu komai a ciki, kada ka ƙara kirana," na ce, ban dube shi ba.

"Ko akwai ko babu, laifina bai ragu ba. Kin ce gyara, na yi abin da raina yake so, na sa masa suna kyauta."

"Ka raina ta. Ka raina ni."

"Ita na raina. Ke kam wallahi ban taɓa ba, masoyiyata."

"Da babbar taka ce, da Umma ta hango ta tun daga ƙofa. Da ba ni da komai."

Ya sunkuyar da kai. Na so ya yi gardama in samu abin ci gaba da faɗa, ya ƙi.

"Ta yi kore!" Yaya ta ƙwala kira daga ciki.

Na sa batirin a kyamarar, na mayar da robar, na danna. Gilashin ya leƙo da 'yar ƙararsa. Babu kati, don haka kai tsaye ta nuna abin da ke cikinta.

Ga kicin ɗinmu. Ga hannun Umma cikin faranti, ga gefen fuskarta.

Na miƙa wa Baba. Ya sa tabarau, ya riƙe 'yar kyamarar da hannu biyu.

"Auta, me kike ɓoyewa a hannu?" Muryar ta fito siririya daga ƙaramin lasifikar, amma ita ce, ita ce sak. "Kai, wannan yarinya da taurin kai! Duk wanda ya aure ki sai na yi masa addu'a ta musamman." Ta yi dariya, ta ɗaga murya. "Malam! Malam, zo ka ga 'yarka!"

"Na'am," in ji Baba. "Ga ni."

Yaya ta toshe baki da gefen mayafinta. Ni kam zamewa na yi ƙasa na kifa kaina a gwiwar Baba ina cewa ya yafe min. Ya dafa kaina.

"Ya isa. Nuna min inda ake dannawa."

Da na ɗago, Dogo ya lallaɓa har ya kai bakin ƙofa. Na bi shi ina share hawaye.

"Ina za ka? Wa zai kwafe mana?"

Ya zaro wata igiya daga aljihu. "Na samo mai shiga. Amma sai kin ce in yi."

"Ka yi. Wuri uku, har da wayar Yaya." Na ja hanci. "Babbar fa?"

"Na mayar musu."

Na saki baki ina kallonsa.

"Ka mayar? Wa ya ce ka mayar? Ka tambaye ni? Kayan Yaya da me zan ɗauka, yadi mai duhu duk ya fito baƙi ƙirin?"

"Innalillahi..." Ya dafe kai da hannu biyu. "Auta, na sake ko?"

"Ka sake!"

"Wannan dai sai addu'ar Umma," in ji Yaya daga falo, tana kuka tana dariya.

"Gobe za mu je tare," na ce masa. "Ba wancan kantin ba. Zan ɗaga kowacce kyamara in ji nauyinta a wuyana, kai kuma bakinka a rufe sai na tambaye ka. Kwalin ashanata kuma tana nan, har gidanka za ta bi ni."

"Har gidana?" ya ce a hankali.

"Ka ji ni ai. Shigo ka yi aikinka."

Ya cire takalmi ya biyo ni. Sai dai dole muka tsaya jira a bakin falo, don Baba ya gane inda ake dannawa. Umma tana kiransa, yana amsawa.