Kunnen Talabijin

La'asar ta yi sanyi, ana yayyafi, muka shiga shagon talabijin ni da matata, Auta. Rigata duk garin katako, don daga wurin aiki na biya na ɗauko ta.

Tun da jaririnmu ya rasu gidan ya yi shiru. In na dawo sai in tarar da ita a zaune, ta zuba wa bango ido. Yayanta ya ce in abin bai sauya ba zai zo ya tafi da ita gida ta huta. Ni kuwa na san in ta tafi, dawowarta sai Allah. Shi ne na ce bari in sayi abin da zai riƙa yi mata surutu.

Mai shagon akwai baki. Ya nuna mana wani faffaɗa, ya ce wannan ko rimot ba ya so, magana za ka yi masa ya amsa. Wai ya fi wasu mazan jin magana. Na yi dariya, Auta ba ta yi ba.

“In ba da shi ake ba fa, yana ji?” ta tambaya a hankali.

Mutumin ya sosa ƙeya. Ya ce kullum kunnensa a buɗe yake yana jiran a kira shi, kuma tunda yana haɗe da intanet, wata maganar tana iya kaiwa ga kamfanin. Akwai wurin kashewa, amma shi dai ba zai rantse ba.

Ta juya ta fice cikin yayyafin.

Na cim mata a ƙarƙashin wata rumfa, raina a ɗan ɓace. Na ce mu da ba mu da komai, wa zai ɓata lokaci yana sauraronmu? Me muke ɓoyewa?

“Ina yi masa magana,” ta ce.

“Wa?”

“Yaronmu... In ka fita sai in ce masa babanka ya tafi, yau ma ya manta hularsa. In yi masa waƙa. Ba na son kowa ya ji.”

“Har ni, zumata?”

Ta sunkuyar da kai. “Har kai. Ka yi haƙuri.”

Ashe gidan ba shiru yake ba, ni ne dai ba a hirar da ni. Ni ma ina kewarsa, sai dai ban iya faɗa ba, guduma kawai nake bugawa. Muka taka har gida ba talabijin. A bakin ƙofa ta kama hannun rigata ta ce in gaya wa Yaya ba inda za ta.

Washegari na tashi aiki da wuri. Ina isa ƙofa na jiyo muryarta ƙasa-ƙasa, har da 'yar dariya. Rabon da in ji dariyar nan na manta. Zuciyata ta ce in matso in saurara. Na ja baya, na zauna a kan dakali inda maganar ba ta isowa.

Can sai ga matar maƙwabcinmu, ta zo aron dutsen guga. Na tare ta na ce Auta na barci, zan kawo mata anjima. Ta koma, na ci gaba da zamana.