Farin Layi a Baƙar Tuta

Ku matso. Ke Laraba, bar wasa da fitilar nan, ko in tashi in bar ku. Kuma kada wanda ya ce mini "ta zo mu ji ta", don wannan ba tatsuniya ba ce. Labarin Arzika tela ne, ƙanen kakarmu ta Yawuri.

Lokacin babban yaƙin Turawa, Arzika yana Ikko, a tashar jiragen ruwa, yana yi wa sojoji facin kaki. Sai ga wani jirgin yaƙi, irin mai nutsewa ya yi tafiya a ƙarƙashin teku. Kukunsu ya kwanta ciwo, suna neman wani. Suka samu Arzika, mutumin da ya iya tukunya, ya iya allura. Arzika bai yi shawara da kowa ba, ya shige. Taurin kai dai, irin na gidanmu.

Cikin jirgin nan ba taga. Ba dare, ba rana. Warin mai, warin zufa, bango kullum yana gumi. In ka miƙe, kanka ya bugi ƙarfe. Salla ma a zaune yake yi, alƙibla kuwa sai wadda zuciyarsa ta ba shi.

Mutanen jirgin suna da wata al'ada. Baƙar tuta gare su, da ƙoƙon kan mutum a tsakiya. Duk jirgin abokan gaba da suka nutsar, sai a ɗinka mata farin layi ɗaya. Ranar komawa gida su ɗaga ta, su ɗaura tsintsiya a sama, wai sun share teku tas. Kuma layi in ya hau, ba a warware shi. Sun ce wanda ya warware, ya warware sa'ar jirgi. Ɗinkin nan ya dawo hannun Arzika.

Wata rana suka harbi wani jirgi, ya kama da wuta, ya tafi ƙasa. Suka taso sama su gani. Katako, ganguna, mai yana yawo. Sai wata farar riga tana lilo a kan ruwa, ba kowa a cikinta. Dama farin yadinsu ya ƙare. Wani ya sa ƙugiya ya jawo ta.

Kyaftin ɗinsu, wani Bature mai jan gemu, ya jefa wa Arzika.

"Yanko mana layi a nan."

"Ranka ya daɗe, rigar mamaci ce."

"Mamaci ba ya jin sanyi. Ɗinka."

Ya ɗinka. Ransa bai so ba, wallahi, amma ya ɗinka. Sauran rigar, masu inji suka yayyaga suka goge mai da ita.

Ba a jima ba abokan gaba suka biyo sawu. Jirginsu ya nutse, ya kwanta a ƙasan teku, kowa ya yi tsit, bama-bamai suna fashewa a sama. Har suka gaji suka tafi. Kyaftin ya ce a tashi.

Jirgi ya ƙi tashi.

Aka duba inji, lafiya lau. Aka duba ko'ina, ba ɓula. Ya yunƙura ya koma, ya yunƙura ya koma, kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Iskar da ke ciki kuwa ita ce kaɗai suke da ita. Numfashi ya fara nauyi. Arzika ya ƙyasta ashana, ta yi ja ta mutu. Ya sake, ta mutu. Manyan ƙarti suka kwanta, baki buɗe, ba mai magana. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Yana zaune a lungun girki, sai ya ji ɗis. Ɗis. Ɗis.

"Salamu alaikum, tela."

Da Hausa, Laraba. A jirgin da ba Bahaushe sai shi. Muryar kuma kamar mai magana a cikin tulu.

Ya ɗaga ido. Wani dattijo ne tsugune a bakin ƙofa, dogo, gemunsa yana zubar da ruwa. Arzika ya sauke ido ƙasa, ya ga ƙafafu. Yatsun a haɗe suke da fata, irin na agwagwa.

Ya fara Ayatul Kursiyyu. Dattijo ya saurara, ya bi shi a hankali, har suka kai ƙarshe tare.

"Mu ma muna karanta ta. Ba faɗa ya kawo ni ba."

"Me... me kake so, Baba?"

"Ku kuna turo mana matattu. Mu muke yi musu sutura. Kowa da tufar da ya zo da ita. Ɗaya ya zo tsirara."

Dattijo ya ci gaba:

"Yana nan kwance, muna jira. Ku ma ku jira."

Arzika ya gane. Ya rarrafa, don miƙewa ta gagara, ya tsallake ƙafafun mutane har ɗan ɗakin Kyaftin. Tuta tana naɗe a gefen kansa, bindiga a ɗaya gefen. Arzika ya warware ta, ya sa reza a ɗinkin hannunsa. Zare ya fara tsinkewa.

Caraf, aka riƙe wuyan hannunsa.

"Za ka kashe mu," in ji Kyaftin, da ƙyar.

"Ranka ya daɗe, a kashe muke."

Ɗaya hannun ya tafi kan bindiga. Arzika ya rufe ido, ya yi kalmar shahada. Shiru. Da ya buɗe, ba shi Kyaftin yake kallo ba, bayansa yake kallo. Jan gemun nan yana rawa. Hannu ya saki.

Ya cire layin, ya juya ya miƙa da hannu biyu. Dattijo ya karɓa, ya auna shi a damtsensa.

"Wannan ko ƙafa ba zai rufe ba. Ina saura?"

Ina saura? Tana ɗakin inji, baƙi ƙirin, tsumma-tsumma. Ido ya fara yi wa Arzika duhu. Sai ya tuna da jakarsa. Akwai farar riga a ciki, sabuwa fil, da ya yi ta yi wa aiki da hannunsa don ranar shiga Yawuri, mutane su ga ya je ya samo. Bai tsaya jin zafinta ba, ya jawo ya ba shi.

Dattijo ya shafa ta. Sannan ya dube shi, a hankali, tun daga tsakiyar kai har babban yatsan ƙafa.

"Ka suturta wani. Ranar da za ka buƙata, zan kawo maka taka."

Sai jirgi ya yi wata ƙara, ya saki ƙasa. Da aka buɗe murfi iska ta shigo, ƙartin nan suka yi ta kuka kamar jarirai. Sun shiga tasha ba tuta, ba tsintsiya, kuma Kyaftin bai ƙara haɗa ido da Arzika ba.

Ya dawo Yawuri da tsohon kaki. Ya yi aure, ya haifa, ya tsufa a kan kekensa na ɗinki. Ko kwale-kwale bai ƙara shiga ba.

Wata safiya, lafiyarsa ƙalau, ya fito zai buɗe shago. A bakin zaure ga farin yadi a ninke. A jiƙe sharkaf, alhali rabon garin da ruwan sama tun kaka. Ya tsuguna, ya taɓa, ya kai yatsa bakinsa. Gishiri.

Bai buɗe shago ba. Ya shanya yadin da kansa, ya aika aka kira 'ya'yansa, ya nemi gafarar maƙwabta. Kafin la'asar ya cika. Masu wanka suka ce ba su ƙara ba, ba su rage ba, yadin daidai shi.

Kai Sahabi, kai nake kallo, mai sulalewa bakin kogi shi kaɗai da ƙugiya. Ka daina. Mutanen can suna ɗaukar awon mutum tun yana tafiya da ƙafarsa.