Gurbin Gefen Tebur

"Inna, ki yi wa Allah, kar ki je makarantar nan..."

Auta ce ta tare ƙofar shagona tana kuka, ni kuwa ina neman takalmina.

"Matsa. Ba ki isa ba, saurayin naki ma bai isa ba."

"Ina sonsa, Inna."

"Ni ma na so wani. Shi aka zalunta."

Ban yi makaranta ba, amma na san sata. Yaron da ke neman Auta tsara shaguna yake karanta. Wata uku yana zuwa da igiyar awo, yana gwada kantocin da nake jera kwanuka, yana zane, ni ina ce masa ɗana. Ashe aikin mijina yake kwashewa. Kafinta ne, Allah ya jiƙansa, shi ya buga komai na shagon nan da hannunsa. Jiya na gani a wayar Auta: shagona ne tsaf, ɗan ƙarami na katako, an baje a makarantarsu, da sunan yaron shi kaɗai.

Na gaji, gwiwoyina sun gaji, amma na tafi. Auta ta biyo ni.

Ɗakin da aka baje aikin a makarantar cike yake da tsofaffin kujeru da fitilu, kowanne da takarda a jiki. Auta ta ce sunan wanda ya fara ƙera shi ne. To, har kujera tana da uba, teburin mijina ne maraya?

Mun tarar malaminsu ya duƙa kan ɗan ƙaramin shagon na katako, yaron yana gefe cikin rigar fita.

"Wannan gurbin da ka rarake a gefen tebur fa, amfaninsa mene ne?"

Yaron ya ce, "Ado ne, Malam."

"Ƙarya kake," na ce.

Kowa ya juyo.

"Lokacin da nake ɗauke da cikin yarinyar nan ne. Wata takwas, tebur ya hana ni miƙa wa mai saye kaya, kullum bayana na ciwo. Ban faɗa wa mijina ba, gani ya yi. Ya auna cikina da tafin hannunsa, ya ɗauko zarto ya yanke min wuri. Ya ce, 'Shigo, ke da baƙonmu.' Shi ne adon naka."

Auta ta rufe baki da hannu. Ban taɓa gaya mata ba.

Yaron ya sunkuyar da kai. "Inna, na ji tsoro ne... a ce aikin kafintan bakin hanya na kawo." Ya dubi Auta. "Zuciyata, ki yafe min."

"Ba ni za ka roƙa ba," ta ce.

Ya ciro takardar sunan da ke jikin ƙaramin shagon, ya ɗauki biro. "Inna, yaya sunansa?"

Na faɗa. Shekara tara da rasuwarsa ban kira sunan a fili ba.

Ya rubuta a sama, nasa a ƙasa. Na sa Auta ta karanta min, sau biyu, don ban yarda da shi ba tukuna.

"Ka turo iyayenka," na ce. "Amma ranar da 'yata ta yi nauyi, kar ka jira ta faɗa maka."

Da na koma shago ban zauna ba. Na matsa jikin tebur, na shiga gurbina. Har yanzu daidai da ni yake.